Allon Mista Pargeter Mai Layi Huɗu

Shekara talatin da takwas ni da Hubert Gotts muna buga wasan kartar nan kiribij a teburin gindin taga a mashayar ƙauyenmu, kowace Alhamis da ƙarfe biyu na rana. Mutum biyu, karta shida-shida, da allon katako mai layi biyu wanda babana ya huda da hannunsa. Haka wasan yake tun asali. In mutum huɗu suka nace sai sun buga, to, a yi musu uzuri. Abin da ya haura haka kuwa taron biki ne.

Kuma da dokar iyayenmu muke bugawa. Kowa ya ƙirga makin hannunsa da bakinsa, duk inda karta ta haɗa sha biyar maki biyu ne, in ya tsallake wani, abokin karawarsa ya ce "Na wawa!" ya kwashe ya matsa tsinkensa gaba. Ni Cyril Mobbs ban taɓa barin maki ɗaya ya wuce ni ba, kuma ina alfahari da hakan.

Akwai wata al'ada kuma. Kowa da abokin wasansa, ba a ƙwace na wani. Wanda nasa ya mutu sai ya koma dogon bencin da ke kusa da murhu, ya riƙe kofin giyarsa yana kallon masu wasa. Bencin zawarawa muke ce masa, ko da maza ne a kai. A lokacin su biyar ne, da Mavis Utting, da Queenie Larwood mai kurman kunne ɗaya, da wasu tsofaffi uku da ba su da abin faɗa.

Sai ga Desmond Pargeter. Ya yi ritaya daga wani ofis a Landan, inda na ji an ce aikinsa kiran taro ne, ya sayi tsohon gidan maƙeri, ya shafa wa ƙofar fenti ruwan ɗorawa. Alhamis ɗinsa ta farko ya bi tebur-tebur yana washe baki yana tambayar ko akwai gurbi. Babu. Ya zauna a benci tsakanin Mavis da Queenie, na ce a raina ya samu daidai da shi.

Bayan mako uku ya shigo rungume da wani abu a nannaɗe cikin bargo. Ya haɗa tebur biyu ya buɗe. Allo ne, tsawonsa kamar murfin akwatin gawa, layi huɗu, ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, tsinkensa kuwa kowanne kaurin babban yatsa. Har da takardar dokoki a lulluɓe da leda, wai kada giya ta jiƙa ta.

"'Yan uwa," in ji shi, "na yi nazari, mutum shida za su iya bugawa tare, biyu-biyu a layi ɗaya."

"Kun ji, ya yi nazari," na ce wa Hubert, yadda kowa zai ji. "Mista Pargeter, ku shida ne, layi na huɗun fa na wa?"

"Ko za a samu ƙari, Mista Mobbs."

"Daga maƙabarta?"

Aka yi dariya, shi ma ya taya. Mutumin da ake zagi yana taya dariya ba ya da daɗin zagi.

Na leƙa takardar don in san iyakar ɓarnar. Wasu a ba su karta biyar su jefa ɗaya cikin akwatin mai rabo, mai rabo da abokinsa kuwa huɗu-huɗu, ba su jefa komai. In ana ajiye karta ana neman talatin da ɗaya, kafin layi ya zo kanka an riga an cika, kana zaune riƙe da karta kamar mai jiran bas. Amma babban zunubin yana can ƙasa, doka ta tara: babu "Na wawa". In mutum ya tsallake maki, abokinsa ya nuna masa. Na ce to ai sai a riƙa goge musu baki ma in sun sha giya.

Suka fara. Hayaniya, kai! Queenie tana "Me ya ce?" Mavis tana ƙyalƙyala dariyar da rabona da jin ta tun kafin mijinta ya mutu. Ni abin haushi yake ba ni, don ba a iya ƙirga a irin wannan surutu.

Hubert kuwa tun da ya yi ɗan shanyewar jiki a hunturun bara ƙirgarsa ta yi sanyi. Yakan tsaya yana motsa leɓe a kan karta. Na lura, ban ce ban lura ba. Amma doka doka ce, kuma a ganina in na fara yi masa sassauci na mayar da shi ɗan benci ke nan tun yana da abokin wasa.

Wata Alhamis ya buɗe bakwai da takwas biyu da tara, kartar tsakiya, wadda kowa ke haɗawa da tasa, sarki. Ya ce, "Sha biyar biyu, sha biyar huɗu, tagwaye shida, jere uku, tara." Ya tsaya. Jeren biyu ne, tunda takwas ɗin biyu ne, yaron goye ma zai gani.

"Na wawa!" na ce, na kwashe ukun, da su na ci wasan.

Hubert ya dubi allon. Ya tattara kartar ya jera ta a kwalinta, ya ce sai wani makon.

Wani makon na zo na shimfiɗa allona, na raba karta ma don kada a ɓata lokaci. Hubert ya shigo ya rataye hularsa, ya wuce ni, ya nufi tebur biyun da aka haɗa. Sun zama bakwai, wasan ba ya karɓar bakwai. Pargeter ya miƙe zumbur ya ba shi kujerarsa, ya koma tsaye yana matsa musu tsinke, wai dama ƙafarsa tana son miƙewa. Munafunci.

Mako uku ina zaune ni kaɗai a gindin taga. Noreen mai mashayar ta kawo mini kofina a na ukun ta ce, "Cyril, benci fa yanzu babu kowa, in kana so in share maka." Na ɗauki kofina na kau da kai. Amma maganar ta soke ni, don gaskiya ce: abokina yana raye, taku goma tsakaninmu, ni kuma na zama bazawari.

Ranar Asabar da safe na sami Hubert a lambunsa yana ɗaure wake a jikin kara.

"Kai tsohon banza, me na yi maka?"

"Ba ka yi komai ba, Cyril. Doka ka bi."

"To fa! Ka bar wasan maza ka koma wasan gidan reno?"

Ya ci gaba da ɗaurinsa da hannun da ke aiki sosai. "Ka san maki nawa ka kwashe mini tun daga Janairu? Ni ma ban sani ba, shi ne abin. Ba na iya riƙewa yanzu. Duk Laraba ina zama ina jera karta a teburin kicin ina gwada ƙirga, don kada ka kira ni wawa gobe. Shekarata saba'in da tara, Cyril. Can in na tsallake, Mavis ce mini take, sake dubawa, Hubert. Sai in sake dubawa, in gani."

"Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka, da ka daina, kuma da kullum ina ganin dainawar a fuskarka. Wannan ya fi ciwo." Ya yanke igiyar. "Layin nan na huɗu da kake yi wa ba'a, har yanzu babu kowa a kai. Mutumin nan mako uku yana tsaye."

Na tafi gida ina zagin wake da masu shuka shi.

Alhamis na je, ban ɗauki allona ba. Na ce musu na zo ne in nuna musu da hujja cewa wasan nan shirme ne, kada wani ya ɗauka wani abu daban. Pargeter ya zauna har da ajiyar zuciya. Muka zama takwas, aka ba ni da Hubert layin ruwan ɗorawa, launin ƙofar mutumin, don cin fuska ya cika.

Kuma shirmen ne, ban janye ba. Sau biyu aka cika talatin da ɗaya ban ajiye ko karta ɗaya ba. Queenie ta jefa karta mai lamba biyar, wadda ta fi kowace kawo maki, cikin akwatin abokan gaba tana murmushi. Kafin a kai rabin allo mu ne na ƙarshe, masu jan layi sun ba mu rata mai nisa.

Aka zo ƙirga. Hubert ya buɗe huɗu da biyar da shida biyu, sarauniya a tsakiya. Ya fara a hankali. "Sha biyar biyu, sha biyar huɗu, tagwaye shida, jere biyu, sha biyu." Ya ɗago.

Biyar da sarauniya, wadda goma ce, suna kwance gefe da gefe, sha biyar tsaf, bai gani ba.

"Na wawa!"

Wallahi ban san lokacin da ta fita ba. Shekara talatin da takwas ce ta yi magana. Har Queenie ta ji. Hannuna ya riga ya miƙe kan allo yana neman tsinkena in kwashe biyun, ya yi ta lalube tsakanin ja da shuɗi da kore. Ba ni da tsinke. Wanda ke layin ruwan ɗorawa shi ne nawa, shi ne na Hubert.

Na tsaya hannu a sama, kunya ta rufe ni har wuya.

Hubert ya sake duban kartarsa, ya ga biyar da sarauniyar, ya gyaɗa kai. Sannan ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, bakinsa kuma yana son yin dariya.

"Sha huɗu ke nan," ya ce. "Matsa mana, Cyril. Wannan karon wawan da mai kwashewar rami ɗaya za su shiga."