Muryar Kanari Ta Fashe

Waƙar nan ta hana ni sakat. A shagon sayar da waya inda nake aiki, duk wanda ya zo gwada sifika ita zai saka. Mai gyara da ke lungun shagon ita yake fito da baki yana kwance sukurori. In na shiga mota direba ya ƙure ta, in na sauka yaran layinmu suna tsalle a kan tsohuwar taya suna ihun "Yau ba makaranta!" ko da kuwa Litinin ce. Ta ishe ni har wuya, kuma ina alfahari da ita, domin siririyar muryar nan da ke haurawa sama a wurin amshi ta ƙanena ce.

Kanari ake ce masa tun yana firamare. Su huɗu ne suka haɗa kai suka sa wa kansu 'Yan Bayan Aji: shi, da Dogo mai rawa, da wasu 'yan biyu mata da bakinsu ba ya rabo da cingam. Tun hutun bara suka ɗauki waƙar a wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da soso. Ta yi watanni a kwance ba wanda ya kula ta, sai kwatsam ta tashi. Wani mutum mai wayoyi biyu ya bayyana a falonmu, ya ce daga yau shi ne manajansu, kuma za a yi bidiyo. Mama ta ce ta yarda, amma duk inda Kanari zai sa ƙafa sai da ni. Haka na zama 'yar rakiya, mai riƙon jaka da gorar ruwa.

Abin da Manaja bai sa a lissafinsa ba, watannin da waƙar ta yi a kwance yaron bai zauna jiranta ba. Wandunansa duk sun ɗage sun bar idon sawu a waje. Wata safiya ina guga a falo, Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ido waje.

"Ke, wane ƙato ne a banɗakinmu?"

Muka kasa kunne. Famfo a buɗe yake, ruwa na zuba a bokiti, a ƙarƙashin ƙarar ruwan kuma wani yana gwada amshin waƙar. Sai ya hauro, ya hauro, in ya zo daidai wurin da ake jira sai muryar ta tsage ta faɗo ƙasa kamar an taka ƙofar langa-langa. Ya yi tari, ya sake farawa. Mama ta dube ni, na dube ta. Ta koma kicin tana murmushi, wai ɗanta ya zama namiji. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san ranar Asabar za a ɗauki bidiyo.

Daga ranar Kanari ya daina magana. Ya naɗa tawul a wuya, ya ce mura ce, yana yawo da filas ɗin ruwan zafi da zuma. In yana son abu sai ya turo mini saƙo a waya, ko da muna zaune a kujera ɗaya. Ba ya iya zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba, ya tsaya gaban madubi yana shafa ɗan ƙullutun da ya fito masa a maƙogwaro. Na tare shi a ƙofa na ce, "Ka gaya musu mana. Ai ba sata ka yi ba."

Ya zaro waya ya rubuta: Yaya, in suka sani cire ni za su yi. A bidiyo ba a ɗaukar murya. Ki rufa min asiri.

Na ce to. Me zan ce?

Ranar Asabar muka isa makarantar da aka aro don aikin tun hantsi bai yi ba. An fitar da rabin tebura daga wani aji, an liƙa wa tagogi baƙar takarda, an kafa fitilu masu zafin tsiya. Wayoyin lantarki sun bi ƙasa ko'ina, an danne su da salatif. An kawo yara 'yan cike aji, an sa musu riguna iri ɗaya, wata mata tana bin goshinsu da hoda. Manaja kuwa Allah bai yi shi da zama ba. Ya shiga, ya fita, waya ɗaya a kunne, ɗaya a aljihun gaba. Ta aljihun ce ke tura waƙar zuwa babbar sifikar da aka ajiye a kan teburin malami, ba tare da igiya ba. Mai kula da sauti ya roƙe shi ya ajiye ta kusa da sifikar, ya ce wayarsa ba ta kwana a hannun kowa.

Darakta wata mace ce doguwa mai gajeren gashi, ba ta da lokacin wasa. Ɗaukar farko ko minti ba a yi ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya! Kai, mai tsayuwa a kan tebur. Me kake yi?"

Kanari ya nuna wuyansa, ya yi ɗan tari.

"Na ji, mura. Amma motsa leɓe kawai ba ya yi mini. Kyamara tana ganin maƙogwaro, tana ganin ƙirji. In ba ka rera da gaske ba, kowa zai gane kifi ne a cikin kwalba. Ka buɗe murya, ka yi ihu ma in ka ga dama. Sifika za ta danne, ba mai jin ka."

Ya juyo ya kalle ni. Ina can bayan kyamara rungume da jakarsa, na gyaɗa masa kai. Aka ƙure sifikar har gilashin taga yana rawa, aka sake. Kuma wallahi ya yi kyau. Yaran suka watsa littattafai sama, Dogo ya bi ta kan benci yana juyi, 'yan biyu suka haɗa baya suna tafi, ƙanena a tsakiya a kan tebur, jijiyar wuyansa a miƙe, yana rerawa da iyakar ƙarfinsa ba mai jin komai sai muryarsa ta bara da ke fitowa daga sifika. Na ga kafaɗunsa sun sauko. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin tawul ɗin nan.

Aka yi ta maimaitawa. Daga gaba, daga gefe, daga ƙasa. Hoda ta narke, aka sake shafawa. Ni ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai kaɗa ta nake ina duba agogo, ina roƙon Allah a gama mu tafi. Darakta ta ce saura ɗaya, za a matso da kyamara dab da fuskarsa a wurin amshi.

Aka saki kiɗa. Ana cikin baitin farko wayar kunnen Manaja ta yi ƙara. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya nufi ƙofa yana "Ina jin ka, ina jin ka." Na gan shi ya fita baranda, na gan shi ya miƙe ya nufi wajen matakala, ban kawo komai a raina ba sai da kiɗan ya fara sarƙewa. Ya yanke, ya dawo, ya yanke. Mai sauti ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu. Daidai lokacin Kanari ya rufe ido, ya ɗaga kai, ya ja numfashi. Sifikar ta yi ɗif.

Muryar ta fito ita kaɗai a cikin ajin. Ta fara da kauri, ta yi tsalle ta zama ƙara, ta tsage biyu, ta faɗo. Bai ma ji kiɗan ya tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya buɗe ido.

Wani yaro a baya ne ya fara fashewa da dariya, sai ajin ya ɗauka. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta rufe baki da hannu, cingam ɗinta ya faɗo ƙasa. Dogo ya yi dariyar shi ma, sannan ya ga fuskar abokinsa ya haɗiye ta, ya juya ya daka wa yaran tsawa. Kanari yana tsaye a kan tebur, fitilu duk a kansa, bai san ta inda zai sauko ba. Ban san lokacin da na tsallake wayoyin lantarkin na miƙa masa hannu ba.

Manaja ya dawo yana tambayar wa ya kashe kiɗa. Ai kuwa na juye masa kwandon masifa. Na ce mutum kamar an ɗaura masa taya a ƙafa, an ce ka ajiye waya ka ƙi, ga shi ka tozarta yaro a gaban jama'a. Yana ta "Me ya faru? Me ya faru?" har Darakta ta ja shi gefe ta gaya masa. Ita ko a jikinta. Ta ce hoton da ta samu ya ishe ta, a kwashe kaya.

A baranda Manaja ya dafa kafaɗar Kanari. Karon farko da na ga mutumin nan ya tsaya cak.

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima," in ji Kanari, da sabuwar muryarsa, yana kallon takalminsa. "Cire ni za a yi?"

"Haba, ɗan ƙanena! Wa zai cire fuskar da ke tsakiyar fosta? Kana nan daram."

"Sabuwar waƙar fa? Zan iya yin ta ƙasa-ƙasa. Na gwada a gida, in na..."

"Za mu gani, za mu gani," ya ce, wayarsa ta riga ta koma kunne.

Bidiyon ya fito bayan ɗan lokaci, ya fi waƙar tashi. A shagonmu aka sa shi a babbar talabijin ta bango, yana ƙarewa yana sake farawa. Kwastomomi suna nuna shi suna cewa yaron nan akwai murya. Ni kuwa in ya zo wurin amshi sai in sami abin gogewa a ƙarƙashin kanta. A gida Kanari ya ajiye tawul, ya koma banɗaki da famfo a buɗe, yanzu yana neman inda sabuwar muryar za ta zauna. Wani lokaci takan zauna ɗin, ta yi daɗi ma, wani irin daɗi mai nauyi da ban san shi da shi ba. Ya ce mini ranar wasa zai ba su mamaki, zai yi amshin a ƙasa, mutane su saba. Ya gaya wa Manaja a waya, Manaja ya ce ba damuwa.

Wasan farko da yamma aka yi shi, a filin ajiye motoci na wani babban kanti. An kafa dandamali da ƙarafa, yara sun cika wurin har kan katanga, iyaye suna riƙe da ƙanana a wuya. Muna bayan labule, Kanari sai tsalle yake a wuri ɗaya yana kaɗa hannuwa, yana gyaran murya. Mai sauti ya yafito ni. A gabansa akwai makirufo huɗu marasa igiya. Ya ba Dogo nasa, ya ba 'yan biyu nasu, kowanne da 'yar koriyar wuta a gindi. Na huɗun ya miƙo mini, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ki kai wa ƙanenki. Manaja ya ce muryarsa daga faifai za a sako."

Ba wuta a gindinsa. Na juya in nemi Manaja, na hango shi can gaban dandamali yana yi wa jama'a ihu ko a shirye suke. Aka fara kiran sunan ƙungiyar. Ba lokacin faɗa, ba lokacin komai. Na je na sa wa Kanari abin a hannu.

Ya ɗan jinjina shi a tafinsa. Ya murɗe gindin, ya leƙa, ya mayar ya rufe.

"Ba batir, Yaya."

"Na sani."

"Ke suka ba ki kawo min?"

Raina ya ɓaci, tausayinsa ya cika ni har na ji ina neman yin kuka a gaban mutane. Na ce, "In ba ka so, mu tafi gida yanzun nan. Wallahi ba wanda ya isa ya hana mu."

Ya leƙa ta gefen labule, ya daɗe yana kallon yaran da ke kiran sunansa. Dogo ya taɓa shi a baya ya ce su je. Kiɗa ya tashi.

Ya fita da gudu, yana murmushi har kunne, wurin ya kaure da ihu. Na tsaya a bakin labulen, tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu in taɓa rigarsa ba. Ya yi rawar, ya yi tsallen, leɓensa bai saɓa ko sau ɗaya ba. Da amshi ya zo ya ɗaga makirufon, ya rufe ido, siririyar muryar ta cika filin, iyaye mata suna dafe ƙirji. Ina kusa da shi sosai, da ya fitar da ko ɗan sauti ne da na ji. Har aka gama waƙar bai fitar ba.