Hanyar Garkar Ya Fanna

Balkisa tana da shagon atamfa da lafaya a bakin babbar kasuwar Diffa, kusa da kantin mijinta Alhaji Mamman. Iyayensu duka daga Damagaram suka zo, amma ita a nan aka haife ta, kuma tana jin Kanuri kamar ƴar gida. Aikinta na zama ne. Da hantsi take hawa benci, ba ta sauka sai salla ta tashe ta. Duk mai tallan da ya gitta da fanke ko soyayyen kifi ya san inda zai tsaya.

Shekarar da ta cika arba'in da bakwai ta je likitar unguwa, ɗan asibitin nan nasu, saboda ciwon kai. Madam Hauwa, majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta sa ta hau sikeli, sannan ta rubuta a karne, ɗan littafin awonta: kilo casa'in da takwas, tansiyo ya hau, wato hawan jini. Ta ba ta magani, ta ce amma rabin maganin yana ƙafafunta. Balkisa ta ji tsoro ƙwarai. Ta sayi kambas, ta shiga cikin wasu mata uku na unguwarsu da ke fita bayan sallar asuba, su bi bakin gudoro, titin kwalta, har mararraba su dawo. Ta rage sukari a shayi, ta rage loma. Cikin wata tara kilo goma sha ɗaya suka tafi. Ta kai rigunanta wajen tela aka rage su, gwiwarta ta daina ƙara in ta yi ruku'u.

Ana nan sai ƴarta Amatullahi ta dawo gida daga Damagaram don haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji. Gida ya cika da baƙi da ƙamshin yaji. Da sassafe Balkisa ce kan ruwan wanka, ba zancen fita. Ga kunun kanwa, ga gasasshen nama, ga farfesun ƙafar sa da surukai suka aiko. Mai jego ba ta son ci ita kaɗai, kullum sai ta ce, "Inna, zo ki taya ni." Balkisa kuwa ta taya ta da gaske har kwana arba'in. Ana gama arba'in azumi ya kama, ta ce sai bayan salla. Bayan salla zafi ya sauko, ta ce bari ruwa ya zuba. Da damina ta zo, ai ka san hanya da caɓi.

Da farko matan suna buga mata ƙofa. Ta ce mura, ta ce baƙi, ta ce ƙafa. Daga baya suka daina. Rigunan da aka rage suka ƙi shiga, ta ninke su ta tura ƙasan akwati. Abin da ya fi damunta kunya ce. Ita da ta dinga yi wa mata wa'azin tafiya a shago, yanzu in ta hango ɗaya daga cikin abokan fitarta sai ta duƙa kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Hanyar likita ma ta daina bi, maganinta sai ta aika a karɓo.

Wata rana suna karin kumallo Alhaji Mamman ya ce, "Hajiya, matan nan naku sun daina fita ne?"

Ta ce, "Suna fita."

Ya dube ta, ya ga fuskar ba ta son ƙari, sai ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata goma aka yi a haka. Da sanyi ya shigo, lokacin tsinkar tattasai, Ya Fanna ta zo shago. Ya Fanna mutuniyar Shetimari ce, danginta manoman tattasai ne a bakin kogin Komadugu tun kakanni. Ciniki ya haɗa su shekara ashirin da suka wuce, har ya zama zumunci. Ta girmi Balkisa da shekara biyar, siririya ce, mai saurin tafiya da saurin magana. Kowace shekara sai ta gayyace ta ganin garkarsu, lambun tattasan, kowace shekara Balkisa ta ce sai baɗi.

Ya Fanna ta zaɓi lafayarta, ta ce da Hausarta mai gardin Kanuri, "Bana ba baɗi, Hajiya. Jibi muna tsinka. Ki zo ki zaɓar wa mai jego tattasai da hannunki. In ba ki zo ba, ni ma na bar zuwa shagon nan."

Balkisa ta yi dariya ta ce to. Ita ma zaman shagon ya ishe ta.

Ranar ta shiga motar Shetimari da sassafe. Ya Fanna na jiranta a tasha, suka hau bayan wata mota mai zuwa wajen kogi. Motar ta kai su inda rairayi ya yi laushi, direba ya ce iyakarsa ke nan. Balkisa ta duba gabas da yamma, ba garka, sai itatuwan goriba da ƴar siririyar hanya.

"Ina amalanken da kika ce zai ɗauke mu?"

"Ya yi gaba da buhuna. Kusa ne, Hajiya, ga shi can."

Ashe "ga shi can" ɗin Ya Fanna ya kai kilomita uku. Tun ba a yi rabi ba numfashin Balkisa ya fara fita da ƙara. Rairayi yana cinye mata ƙafa, gumi yana bin bayanta duk da sanyin safiya. Wasu mata biyu ɗauke da kwanduna suka wuce su suna gaisuwa, ɗaya ma da goyo. Da suka kai gindin wata goriba Balkisa ta zube a ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

Ya Fanna ta tsuguna ta miƙa mata gorar ruwa. Balkisa ta sha, sai ga hawaye.

"Subhanallahi! Wani wuri ke ciwo?"

"Ba ciwo ba ne, Ya Fanna. Bara war haka wannan tafiyar ko a jikina. Wata tara ina wahala, na zo na zubar da ita duka a kwanon jego. Dube ni. Ko mutanen unguwa ba na iya haɗa ido da su."

Ya Fanna ta zauna sosai a gefenta. "Wa kika yi wa laifi?"

"Kaina."

"To kanki ba zai kai ki gaban alƙali ba. Jika kika samu, kika yi hidimarsa, kika ci nama. Ni da aka haifi nawa har sai da zobe ya ƙi fita a yatsana." Ta ɗaga siririn yatsan, Balkisa ta yi dariya cikin hawaye. "Kuma wannan tafiyar da kika yi yanzu, wa ya yi miki ita? Daga mota zuwa nan ba a bayana kika zo ba."

Balkisa ta waiwaya. Wurin da motar ta sauke su ko ganinsa ba a yi.

"Ba mai jiranmu da agogo," in ji Ya Fanna. "Kin ga waccan goribar mai reshe biyu? Can za mu. In mun kai mu zauna."

Haka suka yi. Daga wannan itace zuwa wancan, wani wurin su zauna, wani wurin Balkisa ta ce a wuce. Ya Fanna tana ba ta labarin rigimar ƙannen mijinta kan injin ban ruwa, tana kwaikwayon muryar kowa. Balkisa ba ta ankara ba sai ta ji ƙugin injin ɗin da kansa, ƙasa ta sauya daga fari zuwa baƙa, iska ta kawo ƙamshin laka.

Ta tsaya a bakin garkar tana kallo. Shekarunta duka a Diffa, tattasai a buhu kawai ta sani. Ga shi nan a jikin uwarsa, ja jawur cikin koren ganye, fage bayan fage har bakin ruwa. Can gefe an share fili an shanya na makon jiya, jan ya cika ido. Mata sun fi ashirin a duƙe suna tsinka suna hira. Suka ɗago suka yi mata maraba da Kanuri, ta amsa, suka yi shewa da jin bakinta.

Aka ba ta ƙwarya. Ya Fanna ta nuna mata wanda ya nuna sosai da wanda za a bari. Duƙawa ta yi mata wuya, sai ta durƙusa a kan wani tsohon buhu tana jan sa gaba. Layi ɗaya ta gama kafin azahar, sauran mata sun yi huɗu huɗu, amma ba wadda ta kula. Da aka sauke burabusko da miyar kifi a inuwa, Balkisa ta ji wata irin yunwa da ta manta da ita, yunwar wanda ya yi aiki. A shago ci take don abinci ya gitta. Nan ta ci ta ƙoshi da ɗan kaɗan, ta sha ruwa, ta jingina da buhu tana kallon kogin yana tafiya a hankali, jikinta duk ya yi laushi mai daɗi.

Da la'asar amalanke ya ɗauki kaya, aka gyara mata wuri a sama. Ta ce a'a, da ƙafa za ta koma. Ta kuwa taka fiye da rabin hanya, sannan ta ɗaga wa mai amalanken hannu ta ce, "Malam, tsaya, jarumtar ta ƙare." Ya Fanna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta taimaka aka tura ta sama.

Washegari ko sauka daga gado da ƙyar ta yi. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku, bayan ta idar da sallar asuba, ta jawo kambas daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe. Alhaji Mamman ya dawo daga masallaci ya same ta tana ɗaure igiya. Bai ce komai ba sai "A dawo lafiya," ya bar mata ƙofa a buɗe.

Niyyarta ta bi ta bayan layi don kada ta haɗu da kowa. Tana karya kwana ta yi kiciɓis da abokan fitarta su uku. Maimunatu, babbar cikinsu, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, da ta yi ritaya, ta ce, "A'a, Hajiya Balkisa! Ina angon naki?" Tana nufin jikan. Suka buɗa mata wuri a tsakiya kamar jiya suka rabu. A hanya ne ta ji ashe Maimunatu ma ta yi wata biyu ba ta fita lokacin da mijinta ya kwanta jinya. Ranar Balkisa ba ta kai mararraba ba. A gidan mai ta juya, ɗaya daga cikinsu ta rako ta.

Bayan mako guda ta ɗauki karne ta tafi likita. Ta hau sikeli ta rufe ido.

"Casa'in da biyar," in ji Madam Hauwa.

"Na ɓata komai ko, Madam?"

"Da casa'in da takwas kika fara zuwa nan, Hajiya. Uku suna hannunki har yanzu. Tansiyon ya ɗan motsa, amma ba abin tsoro ba. Kada ki ce za ki kori takwas ɗin nan a wata ɗaya, gwiwarki ba za ta yarda ba. Ki yi tafiyarki, ki sha maganinki, ki dawo min ƙarshen wata. Kuma ki daina aiko mutane, ke nake son gani."

Wannan karon Balkisa ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta sauya kwanon cinta da ƙarami. Ta gaya wa mai fanke ranar Juma'a kawai zai tsaya a shagonta. Takan tashi daga benci ta ɗauko wa mai saye atamfa da kanta maimakon ta nuna da yatsa. Akwai safiyar da ba ta fita ba, akwai sunan da ta je ta ci shinkafa da nama har ta yi nauyi. Washegari ta ɗaura kambas ta fita, ba ta tsaya yi wa kanta faɗa ba. Ƙarshen wata sikeli ya nuna kilo ɗaya da rabi sun sauka. Ta buga wa Ya Fanna waya ta gaya mata, Ya Fanna ta ce saura tsinka ta ƙarshe, layi biyu ke jiranta.

Wata rana da yamma maƙwabciyarta a kasuwa, Zainaba mai kwanuka, ta leƙo shagon. Ta yi ta juya wata atamfa ba ta da niyyar saye, can ta rage murya.

"Hajiya, wai ƙarfe nawa kuke fita? An ce min sukarina ya hau. Amma ni fa ban iya sauri ba, kuma ba ni da irin takalminku."

"Zo da wanda kike da shi. Gobe zan buga miki ƙofa."

Da asuba Zainaba ta fito da silifas da ƙaton mayafi, tana ta waige kamar wadda za ta yi sata. Sauran matan suka yi gaba. Balkisa ta rage tafiya ta jera da ita. Garin bai gama wayewa ba, masu burodi suna ta wucewa a kan keke. Ba su yi nisa ba Zainaba ta fara haki.

"Har ina za mu?"

"Yau iyakarmu famfon can. In mun kai mu juya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Gobe ma rana ce ta fita."

Zainaba ta gyara mayafi, ta ce to mu je. Suka ci gaba a hankali, tana ba Balkisa labarin yadda ɗanta ya kawo mata wata waya da har yau ba ta iya amsa kira da ita ba.