Antin Waya

Saura kwana huɗu a kai Ɗigo ofishin biza, Auta ta gane akwai matsala.

Tana zaune a matakalar bayan ɗakin gwajin ruwan da take aiki, farar riga a jikinta, safar hannu ɗaya a cire. Minti ashirin ne hutunta. A fuskar wayar, 'yarta mai shekara shida tana lasar cokali.

"Ɗigo, mu sake. In matar ofis ta ce wajen wa za ki je, me za ki ce?"

"Wajen Antin waya."

"A'a. Wajen mamana za ki ce."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta juya wayar. "Ga Mama nan a kan keken ɗinki. Ke Anti, ba ki da ido ne?"



Ɗigo na da shekara ɗaya da rabi Auta ta samu gurbin karatu a waje, wata bakwai bayan rasuwar mijinta. Ta danƙa ta a hannun mahaifiyarta, ta ce shekara biyu ne kacal. Ta gama karatu, kamfani ya ɗauke ta aiki, ya tsaya mata a takardun zama. Sai doka ta ce sai ta cika shekara biyu tana aiki kafin ta ɗauko iyali. Sau ɗaya ta je gida, kwana tara, kuma duk kwanakin yarinyar a bayan zanen kakarta ta yi su. Kowa a gidan Mama yake ce wa tsohuwar, Ɗigo ma ta bi sahu.

Lauyar kamfanin ta riga ta ja mata kunne: za a yi wa yarinyar tambaya ɗaya ko biyu. In amsarta ta saɓa da takarda, sai gwajin jini da sabon layi. Shekara guda kenan, in an yi sa'a.

Washegari ta kira yayanta.

"Yaya, don Allah ka zaunar da ita."

"Na zaunar, Auta. Har keke na yi mata alkawari. Ta ce to, in gaya wa Anti ta sayo ja." Ya yi dariya. "Taurin kan nan fa ba a titi ta tsinto shi ba."

"Ba abin dariya ba ne. Ba ni Mama."

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Mama, shekara huɗu da rabi. Ko sau ɗaya ba ki gyara mata ba?"

"In gyara me?" Muryar tsohuwar ba ta ɗaga ba. "Yarinya ta farka jiki zafi rau, ta miƙo hannu ta ce Mama, in ce ta dakata a kira waya? Haƙorinta na fari a tafin hannuna ya faɗo. Ke kina can kina gwada ruwan mutane."

"Don ita nake yi."

"Na sani. Ni kuma don wa na yi?"

 Aka kashe wayar daga can.

Da ta koma ɗakinta da yamma, ba ta ko cire takalmi ba. Ta tsaya a ƙofar kicin. Ranar ɗaya ga kowane wata Mama kan jingina Ɗigo da bango, ta auna ta da tef ɗin ɗinki, ta turo lambar. Ita kuma Auta sai ta ɗauki rula ta ja layi da fensir a jikin katakon ƙofar. Na farko iya cinyarta yake. Na ƙarshe ya wuce ƙugunta. Matar da ta ba ta haya ta taɓa cewa sai Auta ta yi fenti kafin ta tashi. Auta ta ɗora tafin hannunta a saman layin ƙarshe, daidai inda kan yarinya zai kasance. A kusurwa ga ƙaramin gadon da ta haɗa da hannunta, ko ledar katifar ba ta cire ba.

Kwana biyu Mama ba ta ɗauki wayarta ba.

Ranar ganawar, Auta ta gwada kwalba ɗaya sau biyu, ta liƙa wa wata lambar da ba tata ba. Shugabar ɗakin ta dube ta ta saman tabarau, ta nuna mata ƙofa. "Je ki sha iska kafin ki ce mana ruwan famfo man fetur ne."

Tana isa matakala wayar ta yi ƙara.

"Yaya! Yaya aka yi?"

"Ki bari in numfasa mana. Mun shiga, matar ta duƙo ta ce, 'yan mata, wajen wa za ki?"

"Ta ce me?"

"Ta ce wajen Antin waya."

Auta ta zame ta zauna. 

"Tsaya, ban gama ba. Ni kaina gumi ya gama wanke ni. Matar ta ɗauki biro ta ce, wace ce Antin waya? Sai 'yar taki ta riƙe ƙugu ta ce, ita ce ta haife ni mana. Mama ta nuna min hotona ina cikin Anti jiya, ta ce ni ajiya ce aka ba ta. Tana ta kuka har ta ɓata ɗinkin mutane."

"Sai me?"

"Sai matar ta cire tabarau ta goge. Ta buga hatimi. Nan da mako uku tana wajenki, Auta. Ki cire ledar katifar nan."

Kukan ya zo mata gaba ɗaya. Ta toshe baki da hannun farar rigarta.

"Ga Mama," in ji Yaya.

 Auta tana jin hon ɗin motoci daga can, da muryar Ɗigo tana rigimar keke ja.

"Mama, ki yafe min."

"Ba ta shan madara in da sanyi," tsohuwar ta ce. "Kuma kada ki kashe mata fitila sai ta yi barci. In ta ce miki Anti, ki amsa. Kada ki matsa mata."

"To, Mama."

"Na saka tef ɗina a jakarta, mai ruwan ɗorawan nan." Ta yi gyaran murya. "Ranar ɗaya ga wata ki jingina ta da bango, ba takalmi, kada ki bari ta yi ɗage. Ki turo min lambar."

"Mama..."

"Na sa yayanki ya tsaya a hanya ya saya min fensir. Ni ma ina da ƙofa."