Ranar da Iyaye Suka Makara

Malamin horo yana ƙoƙarin danna kwaɗo a ƙofar makaranta ke nan wani mai tumbi ya iso yana haki, hula a hannu.

"Haba Malam! Taron iyaye fa muka zo."

"Na sani, ranka ya daɗe. An riga an kaɗa ƙararrawa. Bi layi."

Layin makararru kuwa ya kai bakin titi. Da gangan Shugabar makaranta ta sa taron daidai lokacin da ake tilasta wa ɗalibai shiga aji a da, gari bai gama wayewa ba. Zango guda ke nan da ta ɗage fara darasi zuwa hantsi, yau kuma iyaye za su kaɗa ƙuri'a: a ci gaba, ko a koma gidan jiya.

Sai da ta bari suka ɗan sha tsayuwa sannan ta sa aka buɗe.

"Ku yi haƙuri," ta ce bayan sun zauna a bencinan yara. "Da 'ya'yanku ne, da yanzu suna tsintar shara."

Aka yi dariya, ban da mai tumbi.

"Lalaci kawai kike koya musu. Mu haka muka taso!"

Haka muka taso! Gyara nawa wannan magana ta binne da ransa? Shugaba ta raya haka a ranta, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, yaro in ya fara tasawa, ko ka ƙwace waya ka kashe fitila, barci ba ya zuwa masa da wuri. Jikinsa ne ya canza. Darasin farko da bango muke yi. Tambayi malamar lissafi."

"Yanzu har musu suke yi da ni," in ji malamar. "Da kuwa sai minshari."

Sai wata mata sanye da kayan asibiti ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ban ƙi ta taki ba. Amma da duhu nake fita aiki, a hanya nake sauke 'yata. Yanzu in bar ta a bakin ƙofa ita kaɗai har hantsi? Ba ni kaɗai ba ce kuma."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Shugaba ta ga ƙuri'a na zamewa daga hannunta, kuma gaskiya matar ta faɗa.

"Kawo ta. Za mu shimfiɗa tabarmi, mata a laburare, maza a ɗakin taro, su ƙarasa barcinsu."

"Wa zai tsare su?"

Ta dubi malamanta. Wannan ya shiga latsa waya, wancan ya tsura wa fanka ido.

"Ni," ta ce.

Da ƙyar hannuwan masu goyon baya suka rinjaya.

Ranar Litinin malamin horo ya same ta a kan kujera tsakanin ƙofar laburare da ta ɗakin taro, ta ƙudundune cikin mayafi, idanu jajur. Daga ciki ba a jin komai sai numfashin yara.

"Ranki ya daɗe, kin samo wa kowa barci ban da—"

Ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna takalminsa mai ƙwas-ƙwas. Ya sunkuya ya cire, ya wuce da sanɗa.