Na'urar da Ba Ta San Babba Ba

Shekarar da sojoji suka yarda za su mayar da mulki hannun farar hula, wata ƙungiyar masu sa ido kan zaɓe ta buɗe buro, wato ofis, a Gidan Rumji. Ranar zaɓe, wakilanta na ƙauyuka za su riƙa aiko rahoto ta salula, wata manhaja tana karɓa. Mutum biyu ke rubuta manhajar: Asta, wadda aka ɗauka gwaji da sharaɗin in komai ya tafi daidai za a bar ta a aikin, da Shef Labo, babbanta a aikin, wanda ya yi karatu a Dakar, kuma ba ya bari a manta.

Asta ta tsara cewa duk wanda ya gama gyaransa ya aika, na'ura za ta harhaɗa ta ɗora a kan manhajar da kanta. Sai dai ta kafa mata doka: aiki ɗaya a lokaci ɗaya, wanda ya riga aikowa shi ne gaba. Ta san halinsu su biyun. Da ladan ya kira azahar, kowa sai ya danna ya aika nasa, ya tafi alwala.

Ran nan Labo ya dawo daga masallaci, ya tarar na'ura ta ce ya jira, tana kan aikin Asta.

"Ni zan bi layi bayanki?" in ji shi. "A gidanku wa ke fara sa hannu a kwano?"

"Shef, ba raini ba ne. In suka shiga tare, kowane zai taka ɗan'uwansa."

"To ki koya mata ladabi. Nawa in ya zo, ya wuce."

Ta yi bayani har yawunta ya ƙafe. Mutumin da ke yini yana koya wa manoma cewa ranar zaɓe ko mai gari layi yake bi, shi ne na'ura ta ci wa mutunci! Tana tashi, ya haye kujerarta ya cire dokar da hannunsa, sannan ransa ya yi sanyi.

Jajiberin zaɓe, ladan ya kira, suka danna tare. Na'urar ta kwashi rabin nasa da rabin nata, ta cakuɗa, ta ɗora.

Washegari rahotanni suka yi ta zuwa daga Sae Sabuwa da Cadawa, suna shiga suna ɓacewa. Asta ta yini tana kiran wakilai ɗaya-ɗaya tana karɓar rahoton da baki, takaici kamar ya kashe ta.

Shugaban ƙungiya ya zo daga Maraɗi da dattawan kwamiti, aka zauna. Labo ya gyara zaman hularsa, ya ce yarinyar ce ta aika nata kan nasa, ba ta jira babba ya gama ba. Dattawan suka gyaɗa kai. Ba su san manhaja ba, amma wannan laifin sun san shi sarai.

"Alhaji, dokar da na sa ce ya…" Asta ta fara.

Shugaban ya ɗaga mata hannu. "Kun gani ko? Bai ma rufe baki ba ta tsoma nata. Ɗiyata, aje makullin buro ki tafi gida."