Ruwan da Ba a Sa wa Gishiri Ba

Malamar kimiyya ta tsamo yankan dankalin daga kofin ruwan gishiri, ta lanƙwasa shi a gaban aji. Ya yi laushi laƙwas, ya yamutse. Na kofin ruwa zalla kuwa ya kumbura, ya yi tauri.

"Abin da na faɗa muku jiya ke nan. Fatar ƙwayar halitta tana barin ruwa ya ratsa ta, ya tafi inda gishiri ya fi yawa. Gishiri janye ruwa yake yi."

Rabin ajin hamma suke yi. Mutum ɗaya ce ta ɗaga hannu, yarinyar bencin gaba da ƙawayenta ke tsokana da Likita, don ba ta da zance sai na asibiti.

"Malama, ai har na yi aiki da shi a gida," in ji ta, tana murmushi. "Ƙanena ne ke gudawa tun shekaranjiya. Umma ta ce in haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Na ce a raina, yaron da ruwa ke ƙarewa a jikinsa, a ƙara masa abin da zai janye sauran? Ruwa zalla nake dafa masa, ban gaya mata ba."

Malamar ta ajiye dankalin. Wayyo, wannan ɗan gishirin da sukarin su ne ke sa hanji ya sha ruwan, su mayar wa jiki abin da ya zubar! Darasin mako mai zuwa ke nan, ba su kai wurin ba.

"Yana shan nono?"

"Da safe dai ya ƙi. Barci kawai yake yi."

"Ɗauko jakarki."

Ko izini ba ta tsaya nema a ofis ba. A cikin motar haya yarinyar sai tambaya take, "Malama, lafiya?" Ita kuwa malamar sai ce wa direba take ya ƙara gudu. Da suka isa gidan, wata maƙwabciya ta ce an wuce asibiti da shi tun hantsi.

A asibitin suka tarar da uwar zaune a dandaɓe a barandar ɗakin yara, zanen goyon a ninke bisa cinyarta, ba kowa a ciki. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta zube a jikinta.

"Likitoci sun rasa jijiyar da za su sa masa ruwa, har ya cika," in ji uwar, muryarta a dushe. "Malama, ke ce mai koya mata? Allah ya saka da alheri. Wallahi ba abin da ba mu yi ba. Ruwan gishirin nan da suke ta faɗa, cokali-cokali na ba shi. Ita ma na sa ta haɗa, don ta fi ni sanin awo."

Yarinyar ta ɗago a hankali. Kukan ya tsaya mata cak. Ta bi malamar zuwa bakin famfo, ta riƙe gefen mayafinta.

"Malama," ta ce ƙasa-ƙasa, "da na sa gishirin fa?"

Malamar ta dubi uwar can a ƙasa tana shafa zanen, ta dubi yarinyar. Tun da ta fara koyarwa ba ta taɓa ba ɗalibi amsar da ta san ba daidai ba ce.

"Da ba abin da zai canza, 'yata," ta ce. "Je ki zauna kusa da Ummanki."