Zaren da Ramotin ta ɗaura wa Barashe

Ramotin ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da aka rubuta a bangon masana'antar ƙarfe, don sau uku ana lodin leburori irinta a mota kamar buhunan gawayi su je su faɗa da baki: "Indiyawa da Rashawa 'yan'uwa ne!" A karo na uku, ranar bikin Rakhi, tafinta Chaube ya tsamo ta cikin matan leburori, ya danƙa mata jan zare ta ɗaura wa Injiniya Zotov, wani Barashe, a wuyan hannu. Ta ɗaura, ta sa masa alewa a baki, aka ɗauki hoto. Ko yaro ya san hukuncin zaren nan. Wanda mace ta ɗaura wa ya zama yayanta, ranar da ta shiga uku shi zai tsaya mata.

Bayan wata biyar narkakken ƙarfe ya cinye ƙafar mijinta Bisahu. Bai gama jinya ba takarda ta iso: tunda ba ya aiki, su bar ɗakin ma'aikata ranar Asabar.

"Zan je wurin yayana," in ji ta.

"Wanne? Naki yana ƙauye yana kiwon bauna."

"Jan Barashen nan."

Bisahu ya juya fuskarsa bango. "Ki gaishe min da surukina."

A ƙofar unguwar Rashawa mai gadi ya tare ta. "Masu shara ta baya suke shiga, baiwar Allah."

Tana cikin roƙonsa sai ga Zotov ya fito, Chaube na biye da shi riƙe da jakarsa. Barashen ya gane ta, ya washe baki. Ramotin ta haɗa hannuwa ta zayyana komai, ƙafar, takardar, Asabar, 'ya'ya uku. Chaube ya juya duk wannan cikin kalmomin da ba su fi biyar ba. Zotov ya ji daɗi ƙwarai. Ya ciro ɗan bajo mai tutoci biyu daga ƙirjinsa ya ba ta, ya shige mota.

"Malam, me ka gaya masa?"

"Na ce kin zo gaisuwa."

"Gaisuwa?"

"To me kike so? Baƙo ya ji muna korar guragu, ki zubar wa ƙasa mutunci? Zaren nan na jarida ne, Ramotin. Ke kaɗai ce ba ki gane ba."

"Da ka sani haka, me ya hana ka kawo ƙanwarka ta ɗaura?"

Chaube ya dube ta sama da ƙasa. "Ƙanwata? Ta taɓa hannun mai cin naman shanu, mu da muka ɗauki saniya uwa?"

Ya ruga ya shiga gaban motar. Irinsa ne ke rubuta jawaban zumunci, kuma irinsa ake ƙara wa girma.

Ranar Asabar Ramotin ta goya Bisahu har amalanke, ta kwantar da shi a kan tabarma, ta dawo kwasar tukwane. Sababbin masu ɗakin har sun iso da kayansu suna jira a inuwa. Matar sabon mai ɗakin ta matso tana murmushi.

"'Yar'uwa, famfon nan yana kawo ruwa kuwa?"

"Da safe," in ji Ramotin, ta miƙa mata makulli.